Zanen da Ya Cika

Delbert Bitsilly yana riƙe da kwanon romon tunkiya, bai ko kai cokali baki ba a filin baje kolin, wata mata ta taɓo kafaɗarsa ta ce, "Kai, ba kawunka ba ne ke can yana kokawa da mai gadi a zauren zane?"

Ya dire kwanon a bencin mutane, ya zura a guje.

A cikin zauren an yi cirko-cirko. Tun safe zanensa na yashi ke rataye a bangon tsakiya, da shuɗin ƙyallen lambar farko maƙale a gefensa. Yanzu wani jan bargo ne ya lulluɓe shi. Kawu Hoskie ya ware hannu biyu ya danne bargon a jikin allon, hularsa tana ƙasa, furfurar da ya ɗaure a ƙeya ta fara kwancewa. Mai gadi na jan gefen rigarsa a hankali yana cewa, "Kaka, don girmanka, ba a taɓa kayan baje koli."

"Kawu! Me ya faru?"

Tsohon bai waiwayo ba. "Ka iso, mai kan kabewa? Matso nan. Cusa kanka ƙarƙashin bargon ka duba. Kai kaɗai."

Delbert ya ɗaga gefe ya leƙa. Aikinsa ne, ya san kowane layi. Da hannunsa ya daka duwatsun, ya tankaɗe, ya barbaɗa yashin a kan gam. Siffofin Masu Tsarki huɗu na addininsu a tsaye, kowanne da nahiyarsa, dogaye, bakan gizo ya kewaye su ta gefe uku, gabas a buɗe. Bai ga aibu ko ɗaya ba.

"Lafiyarsa ƙalau, Kawu."

"Abin da nake faɗa ke nan, sakarai. Lafiyarsa ƙalau. Dubi bakan gizon. Wane launi ne a waje?"

Ya sake dubawa. Ja a waje, shuɗi a ciki. Ya kai ido kan gashin mikiyar da ke kan na gabas, babu wanda ya ɓace. Jakar maganin da ke hannun na arewa tana nan. Masu tsaron ƙofar gabas suna nan, kowa a mazauninsa.

Duk mai zanen yashi na sayarwa ya san ƙa'idar tun kafin ya san farashin gam. Zane na gaskiya a ƙasan hogan, ɗakinsu na gargajiya, ake yinsa, domin mara lafiya. Mawaƙin magani ya kira Masu Tsarki su shiga zanen, mara lafiya ya zauna a kai, sannan a goge shi kafin rana ta faɗi, a kwashe yashin a kai waje. Wanda za a manna a allo, a rataya a falon baƙi, dole a ɓata shi da gangan. A juya launi, a cire gashi, a rage wani abu, don kada Masu Tsarki su ɗauka su ake kira. Delbert bai taɓa mantawa ba. Kullum yana juya bakan gizo, yana cire jakar magani.

Amma wannan ya yi shi ne a kwanakin da hankalinsa ba ya jikinsa. Ciki biyu sun zube wa matarsa Verna a baya, na ukun nan ya tsufa, kowace safiya da fargaba yake tashi. Yana zaune a rumfar aikinsa yana barbaɗa yashi, bakinsa na rera waƙoƙin da ya saba ji tun yana taya kawunsa aiki a hogan, hannu kuwa ya bi abin da ya koya a can.

Ya fito da kansa daga bargon. Kawu Hoskie ya yi ƙasa da murya. "Ka kira su, sun amsa, ka manne su da gam. Ba mara lafiya, ba sallama. Ina Verna? Ta gan shi?"

"A'a. Tun da ta samu cikin nan ba ta leƙa rumfata ba."

"Kai naka ya riga ya faru, zan san yadda zan yi da kai daga baya. Ita dai kada idonta ya sauka a kansa, kada ya taɓa abin da ke cikinta. Kuma yanzu da muka sani, zanen nan ba zai sake ganin faɗuwar rana ba."

Nan Delbert ya tuna. Da safe da Verna ta sauke su a bakin fili, ta ce za ta dawo da yamma da yayarta, a ɗauke ta hoto a gaban zanen mijinta, tun da kowa ya san na baje koli ba na gaskiya ba ne. Ya zaro waya ya kira. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba.

"Delbert! Gwanina!"

Mista Lund ne ke kutsowa cikin jama'a, dogon Baturen nan mai shagon zane a birnin Santa Fe, da zoben shuɗin dutse a kusan kowane yatsa. Da hantsi ya manna ɗan jan tambari a ƙasan allon, alamar ya saya, suka yi musabaha, ya yi wa Delbert alkawarin abin da ya daɗe yana nema: baje koli nasa shi kaɗai, sunansa a jikin gilashin shago.

"Me ya sa aka rufe min zanena? Wannan dattijon fa?"

"Kawuna ne. Mista Lund, an samu kuskure a aikin. Ka bar min shi, zan yi maka wani. Zan yi maka biyu ma."

"Kuskure? Alƙalai ba su ga kuskure ba."

"Kuskuren shi ne babu kuskure," Kawu Hoskie ya faɗa da Turancinsa mai nauyi. "Ya cika."

Delbert ya runtse ido. Da ma tsohon ya yi shiru. Lund ya daɗe yana cinikin kayan Diné, ƙabilar su Delbert, ya san abin da maganar ke nufi. Fuskarsa ta washe kamar an kunna fitila a ciki.

"Cikakke? Na gaskiya, ba a rage komai ba? Delbert, ka san abin da ka yi kuwa? Babu mai irin wannan!"

"Shi ya sa za a goge shi."

"A goge?" Ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye ta. "Saurara. Ina girmama al'adarku, kowa ya sani. Zan ajiye shi cikin gilashi, a ɗaki mai kyau, ba mai taɓawa."

"Ka taɓa kulle baƙonka a gilashi?" in ji Kawu.

"Mun yi musabaha, Delbert. Idan ka sauke allon nan daga bangon nan, ka manta da Santa Fe. Ba ni kaɗai ba, duk layinmu zan gaya musu irin mutumin da kake."

Delbert ya dubi jan tambarin da ke leƙowa ƙarƙashin bargo. Ya tuna yawon da ya sha yana tallar ƙananan alluna a bakin gidajen mai, masu yawon buɗe ido suna juya su kamar faifan murfi. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Saƙon Verna ne: sun shigo, suna ƙofar kudu.

Ya sa hannu biyu ya ɗaga allon daga ƙusa.

"Mai gadi!" Lund ya daka tsawa. "Tare shi!"

Mai gadin ɗan Diné ne, kuma duk abin da aka faɗa a kunnensa aka faɗa. Nan take ya gano igiyar takalminsa ta kwance, ya durƙusa yana ɗaure ta da natsuwa.

Allon ya fi faɗin hannun Delbert, ga nauyin yashi. Ya rungume shi a ƙirji, fuskar zanen a waje ƙarƙashin bargo, Kawu na biye yana riƙe da gefen bargon kamar mai rakiyar amarya. Suka ratsa layin masu soya burodi, hayaƙin mai na shiga musu ido. Suka bi ta bayan shingen tumakin gasa. Lasifikar filin sukuwa na ta kiran sunayen mahaya. Wani abokin Delbert ya ɗago daga kan shinge ya ce, "Kai, Bitsilly, lambar farko aka ba ka ko ƙofar ɗaki?"

Matsalar ita ce motar gidan tana hannun Verna, makullin ma haka. Kuma hanyar wajen ajiye motoci ta ƙofar kudu take.

Ya hango ta tun daga nesa, cikin siket mai faɗi da mayafi a kafaɗa, tana tafiya a hankali da hannu a ƙugu, yayarta Roselyn na gefe tana lasar kankara mai launi. Verna ta gan shi, ta ɗaga hannu tana murmushi, ta nufo shi. A daidai nan iskar fili ta taso da takardu da ƙura, ta cika bargon kamar tanti, gefe ɗaya ya kufce daga hannun Kawu.

"Verna! Rufe idonki!"

Ba ta tambayi dalili ba. Ta ga bargon Kawu Hoskie a kan allo, ta ga fuskar mijinta, ta ja mayafi ta rufe kanta ruf, ta juya baya. Tsohon ya faɗa kan allon da jikinsa duka ya danne bargon, har suka kusa kifewa su biyu.

Daga cikin mayafi muryarta ta fito. "Delbert. Me ka aikata?"

"Na manta ban juya bakan gizo ba."

"Shi kaɗai?"

"Da jakar maganin. Da komai."

"Ya cika ke nan?"

"Ya cika."

Roselyn ta saki kankarar ta faɗi ƙasa, ta matsa ta rufe tsakanin ƙanwarta da allon da faɗin jikinta.

"Mutumin da ke manta ya ba doki ruwa," in ji Verna, "mutumin da ke manta ranar asibiti, yau shi ne ya tuna komai da komai. Kawu, ka ga abin da kuka ba ni?"

"Mun gaya miki tun farko, 'yata, ke kika ce kina so."

Ta miƙo hannu ta baya, makulli na lilo a yatsanta. "To tsayuwar me kake yi? Karɓi. Kada ka dawo min da ko ƙwayar yashi ɗaya a ƙasan farcenka."

Ya karɓa. Yatsunta sun yi sanyi ƙarara. Ya so ya ce wani abu, Roselyn ta nuna masa hanya da leɓe, ya wuce.

Suka kwantar da allon a bayan a-kori-kura, Kawu ya hau ya zauna a kan gefen bargon, ya ce ba zai shiga gaba ba. Titin fita ya cushe da motocin masu tafiya da tirelolin dawaki, ba gaba ba baya. Delbert na dukan sitiyari yana leƙen rana a madubi. Ta riga ta karkata, inuwar tsaunin da ake kira Dutse Mai Fiffike ta fara miƙewa a kan fili. Ya hango Lund can baya a tsakanin motoci, waya a kunne, yana waige-waige. Sai ya karya sitiyari, ya gangara ramin gefen titi, ya haura ta wani gurbin shinge da ya faɗi, ya kama hanyar shanu.

"A hankali, ɗan banza!" Kawu ke ihu daga baya. "Su ka ɗauko, ba buhun dusa ba!"

Suka yi arewa har gidaje suka ƙare, sai ƙasa ja da guntayen itatuwa. Tsohon ya bubbuga rufin mota a bakin wani busasshen rafi. Suka shimfiɗa bargon a ƙasa, suka ɗora allon a kai, buɗaɗɗen gefen yana duban gabas.

A hogan goge zane ba wuya. Mawaƙi ya bi shi da sandar gashi, yashi ya watse. Delbert ya ɗauko jarkar ruwa ya kwarara, don gam ɗin da yake aiki da shi ruwa na narkar da shi. Ruwan ya taru ƙwaya-ƙwaya ya gangare, bai jiƙa komai ba. Ya manta ya feshe zanen da man sheƙi har sau uku saboda baje koli.

Ya gwada wuƙa. Bakinta ya zame, ya ɗan karce gefe kawai.

"Kawu, akwai fetur a mota. Mu cinna masa wuta mu huta."

"Ka gayyaci mutane gidanka, ka ƙone su? Uwarka da tana kusa da ta mare ka."

"To in farfasa shi?"

"Da sannu aka kira su, ɗaya bayan ɗaya. Haka za a sallame su. Nemo abin da zai ci yashin nan."

Delbert ya zazzage akwatin kayan aiki a ƙasa. Sufana, igiya, tsohon linzami, sai ga magagarin da yake gyaran kofaton doki da shi. Ya goga a kusurwar allon. Ya ci, da ƙara mai sa haƙora tsami.

Kawu Hoskie ya cire takalmi, ya gyara ɗaurin gashinsa, ya kwance 'yar jakar fata daga ƙugunsa. Ya barbaɗa garin furen masara a kan Masu Tsarkin, daga ƙafa zuwa kai, ya fara waƙa. Da ya nuna na gabas da leɓe, Delbert ya durƙusa ya ɗora magagari.

Aiki ne na ƙarfi. Yashin da gam sun zama dutse, kowane taƙi sai ya danna da nauyin jikinsa. Farin yashi ya fara zubowa kan bargo, sai shuɗi. Gumi na ɗiga daga hancinsa. Duk sanda ya yi gaggawa ya ƙetare layi, tsohon ya taka masa hannu da ƙafa ba tare da ya yanke waƙar ba. Na gabas ya tafi. Na kudu ya tafi. Kafin ya gama da na yamma fatar gaɓoɓin yatsunsa ta saluɓe, ya yage gefen rigarsa ya naɗe don kada jini ya ɗiga a kai.

A kan na arewa ya tsaya. A nan ne ya yi layin da bai taɓa yin irinsa ba, siriri kamar gashi, baƙi a jikin fari, ba rawa ko kaɗan. Alƙalan ma a nan suka daɗe da tabarau. Ya san hannunsa ba lallai ya sake ba shi irin wannan ba. Waƙar ta zagayo inda ya kamata ya fara, bai motsa ba. Kawu ya maimaita baitin, muryarsa ta fara dushewa, idonsa a kan rana. Saura kaɗan ta taɓa bakin tudu.

Delbert ya tuna sanyin yatsun Verna. Ya danna magagarin.

Masu tsaron ƙofa suka bi, bakan gizo ne na ƙarshe. Ya bi shi a guje da gwiwa, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ja da shuɗi na cakuɗewa. Da ya ɗago, allon ya zama katako kawai mai zane-zanen karce. Suka karkaɗe shi, suka tattara bakin bargon.

"Kai shi can," in ji Kawu da 'yar muryar da ta rage masa. "Arewa. Ka zuba a gindin itace, ka juyo, kada ka waiwaya."

Ya yi yadda aka ce. Yana dawowa rabin rana na nutsewa bayan tudu. Tsohon na zaune a ƙasa ya jingina da tayar mota, yana numfashi da baki.

Delbert ya kira Verna. Wannan karon bugu ɗaya ta ɗauka.

"An gama?"

"An gama. Ke fa?"

"Ɗanka na ta harbina kamar jaki tun ɗazu. Roselyn ta ce halin ubansa ne." Ta ja hanci. "Baturenka ya zo yana ta faɗa, mun ce ba ma jin Turanci."

Ya yi dariya har ƙirjinsa ya yi zafi, ya zame ya zauna kusa da kawunsa. Santa Fe ta tafi, ya sani, amma a lokacin ko a jikinsa.

Kawu ne ya fara ganin ƙurar. Wata mota ce ke tahowa ta hanyar shanun da suka biyo, tana tsalle a kan kwazazzabai, ba ta rage gudu. Delbert ya miƙe yana shirya abin da zai gaya wa Lund ko 'yan sanda. Amma wata tsohuwar mota ce ruwan toka, da lambar Arizona. Ta ci burki dab da su.

Mace ce ta fito, dattijuwa, cikin rigar karan-miski, gashinta ɗaure da farin zare. Ba su taɓa ganinta ba. Ba ta gaishe su ba, ba ta faɗi danginta kamar yadda al'adarsu take ba, ba ta tambayi nasu ba. Ta dubi katakon da ke yashe, ta dubi magagarin, ta dubi hannun Delbert mai naɗe da tsumma.

"Mai gadi ya ce kun yi arewa. Kai ne Bitsilly?"

"Ni ne, Inna."

"Da hantsi 'yata ta tsaya a gaban zanenka, ta daɗe tana kallo, har ta shafa shi da hannu. Cikinta wata bakwai." Ta buɗe ƙofar baya ta riƙe. "Yanzu tana kwance a tanti tana murƙususu, ta ƙi a kai ta ko'ina sai an zo da wanda ya yi shi. Kai da tsohon nan, ku shiga mota."